Kundin Aiki: Ƙiyasin Kuɗin Manhajar Sito, Daga Takardar Buƙata Zuwa Zango Na Biyar

Litinin, 3 ga Maris

Takardar buƙata ta iso, shafi biyu. Ana son manhajar kula da kayan sito: shafin intanet na ofis, da manhajar Android wadda ma'aikatan sito za su riƙa ɗaukar bakod da ita, wato lambar zane-zanen da ke jikin kaya. Dole wayar ta yi aiki ko babu intanet, kuma dole bayanan su riƙa shiga manhajar akanta da kamfanin yake amfani da ita. Can ƙasan shafi na biyu akwai layi guda: a kwaso tsofaffin bayanai daga Excel. Masu siton adadi ɗaya suke so, kuma suna son aikin cikin wata biyar.

Ba a ba su adadi yau ba. Tun 1981 Barry Boehm, masanin ƙiyasin aikin manhaja, ya nuna cewa ƙiyasin da aka yi a wannan mataki, kafin a tantance buƙatu, yana iya kaucewa har ninki huɗu sama ko ƙasa. Kallon farko ya ba mu kwana 300, ke nan gaskiyar tana iya faɗowa ko'ina tsakanin 75 da 1,200. Adadin da aka furta a irin wannan rana, ko an saka masa "wajen" ko "kusan", shi za a riƙe mutum da shi har ranar miƙa aiki.

An tsayar da ƙa'ida biyu. Ma'aunin lissafi shi ne kwanan aiki: aikin mutum ɗaya na awa shida, domin sauran awa biyun taron safe da amsa saƙonni ne ke cinye su. Sannan kalmomi uku ba za a cakuɗa su ba a wannan kundi. Ƙiyasi shi ne abin da lissafi ya nuna, buri shi ne abin da masu siton ke so, alƙawari shi ne abin da za a sa wa hannu. Wata biyar ɗin nan buri ne.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi zama biyu da shugaban siton da akantansu, sannan aka daddatsa aikin zuwa gida 84, wato ƙananan ayyuka. Sharaɗi: kada wani gida ya wuce kwana biyar. Duk abin da ya ƙi datsuwa ƙasa da haka, alama ce ba a fahimce shi ba tukuna. Uku sun ƙi: daidaita bayanan waya da sabar (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan) bayan an yi aiki babu intanet, haɗawa da manhajar akanta, da tsarin izinin ma'aikata.

Kowane gida an ba shi adadi uku: idan komai ya tafi daidai, yadda aka fi zato, da idan abu ya cije. Sai a haɗa su ta hanyar PERT, wadda sojojin ruwan Amurka suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1950 don aikin makamin Polaris: na farko, a ƙara na tsakiya sau huɗu, a ƙara na ƙarshe, a raba da shida. Ɗaukar bakod da kyamarar waya ya samu 3, 5 da 13, ya ba da kwana 6. Daidaita bayanai ya samu 8, 15 da 40, ya ba da 18.

Jimillar adadin tsakiya kaɗai kwana 262 ce. Jimillar PERT kuwa 304. Wannan bambanci na kwana 42 daga wuri ɗaya ya fito: aikin da aka zata kwana biyar zai ci, da wuya ya sauka ƙasa da uku, amma ba abin da zai hana shi kai goma sha uku. Mai tara adadin tsakiya kawai ya yi asarar wannan wutsiya tun bai fara ba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙiyasin da aka gina daga ƙasa yana buƙatar wani ya ƙaryata shi daga sama. An yi amfani da ƙirgen makin aiki, dabarar da Allan Albrecht na IBM ya gabatar a 1979, wadda ke auna girman manhaja daga abin da mai amfani da ita yake gani. An ɗauki matsakaicin nauyi ga kowane iri:

- Wuraren shigar da bayanai 22, kowanne maki 4: 88
- Rahotanni masu lissafi a ciki 14, kowanne maki 5: 70
- Binciken bayanai ba tare da lissafi ba 12, kowanne maki 4: 48
- Tarin bayanan da manhajar ke kula da su 9, kowanne maki 10: 90
- Tarin bayanan waje da take karantawa 3, kowanne maki 7: 21

Jimilla maki 317. Ayyuka uku da wannan tawaga ta kammala a baya sun ci awa 7.1, da 8.4, da 9.6 a kan kowane maki. Da na tsakiya, aikin zai ci kwana 444. Da na gefe biyu, 375 zuwa 507. Wato hatta mafi sauƙin tarihinmu ya zarce 304 da kwana 71.

An gwada COCOMO ma, tsarin da ke ƙiyasta aiki daga yawan layukan kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, don cika sharaɗi. Asalin tsarin na Boehm ya ce ga ƙaramar tawaga da ta san irin aikin, watannin aiki su ne 2.4 sau dubban layukan kod da aka ɗaga zuwa ƙarfin 1.05, kuma wata ɗaya awa 152 ne. Da layi dubu 14, ya ba da wata 38, sama da kwana 970 a ma'auninmu. Ba za a yi aiki da wannan adadi ba. An samo lambobin ne daga ayyuka 63 na zamanin da kusan komai da hannu ake rubuta shi, kuma ƙiyasin layukan kod kafin a rubuta su shi kansa caca ne.

Ɓangaren COCOMO da ya yi mana amfani shi ne na tsawon lokaci: 2.5 sau watannin aiki da aka ɗaga zuwa ƙarfin 0.38. Kwana 444 wata 17.5 ne na aiki, wanda ya ba da wata 7.4 a kalanda. Tsarin bai yarda a matse lokaci ƙasa da kashi 75 cikin 100 na wannan ba, komai yawan mutanen da aka zuba. Wata biyar da rabi da ɗoriya ke nan. Burin masu siton yana ƙarƙashin wannan layi.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau neman kwana 140 da ke tsakanin 304 da 444 aka yi, kuma ba a sha wahala ba. Jerin gidaje 84 masu rubuta kod ne suka yi shi, don haka abin da suke yi da hannunsu kaɗai suka rubuta. Tarihin awanni kuwa bai bar komai ba. Ga abin da aka ƙara: gwaji da gyaran kurakurai kwana 62, duba kod ɗin juna 18, kafa sabar gwaji da ta aiki da hanyar tura sabon kod 11, horar da ma'aikatan sito da rubuta jagora 8, tafiyar da aiki da zaman nuna wa masu siton abin da aka yi 33. Jimilla 132, ƙiyasi ya koma 436.

Taron safe ba a saka shi ba, tun da an riga an cire shi lokacin da aka mai da yini awa shida. Ƙirga abu sau biyu yana kumbura ƙiyasi, kuma idan masu siton suka gano guda ɗaya, sauran lissafin ma sai su daina yarda da shi.

Ba ko ɗaya cikin kwana 132 ɗin nan da ya fito daga kuskuren auna wani gida. Duka ayyuka ne da ba su shiga jerin ba sam. Saura kwana 8 ba a gano inda suke ba, an bar su haka.

Laraba, 19 ga Maris

Zaman ƙiyasi a ɓoye kan gidajen da ake tsoro. Kowa ya rubuta adadinsa a takarda ba tare da ya ga na wani ba, a buɗe tare, mai mafi ƙanƙanta da mai mafi girma su yi bayani, a sake zagaye. Salon Delphi ne da Boehm ya faɗaɗa don aikin manhaja. Amfaninsa ɗaya: idan babba ya fara furta adadi, na ƙasa da shi kewaye adadin kawai suke yi.

Daidaita bayanai da haɗin akanta sun tsaya kusa da inda suke. An saka kwaso tsofaffin bayanai a zaman ne don cike lokaci, domin a jeri kwana 4 aka ba shi. Zagayen farko: 4, 5, 6 da 25. Mai 25 ɗin shi kaɗai ne ya buɗe fayilolin. Gani ya kori ji.

Abin da ke ciki: fayil 11, kowane reshe da tsarin ginshiƙansa. Lambobin kaya da suka fara da sifili sun rasa sifilin, saboda Excel ya ɗauke su adadi ne. Bakod mai lamba 13 Excel yana nuna shi a dunƙule, irin 6.15E+12, kuma duk fayil ɗin da aka adana a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla, a wannan hali ya tafi da lambobin ƙarshe har abada. Irin waɗannan babu lissafin da zai dawo da su, sai an je kan kanta an sake ɗaukar bakod ɗin daga jikin kayan. Ranaku kuma wani reshe rana yake sa wa a gaba, wani wata, don haka 04/07 ba a san ko Afrilu ba ne ko Yuli sai an duba takardar shigowar kaya. Ga kuma kaya ɗaya da suna uku.

Zagaye na biyu: 18, 20, 22, 25. An rubuta 14, 20 da 38, PERT ya ba da 22. Ƙiyasi ya koma 454. An kuma saka sharaɗi a daftarin kwangila cewa sake ɗaukar bakod da yanke hukunci kan kaya masu suna biyu aikin ma'aikatan siton ne, da ranar da za su gama.

Talata, 25 ga Maris

Lissafin ajiyar ko-ta-kwana. A PERT, warwatsuwar kowane gida ita ce tazarar babban adadi da ƙarami a raba da shida. Yadda aka saba koyarwa, a ninka kowacce da kanta, a tara, a ɗauki tushe, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar. Wannan ya ba da kwana 17 a kan 454, ƙasa da kashi 4 cikin 100. Duk wanda ya taɓa miƙa manhaja ya san wannan adadi ƙarya yake yi. Lissafin ya ɗauka cewa gidajen ba ruwansu da juna, idan wannan ya makara wancan zai yi sauri su cike wa juna. A aikace abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: in masu siton suna jinkirin amsa tambaya, ko tawaga ba ta saba da wani kayan aiki ba, ko mai ƙiyasin mutum ne mai kyakkyawan zato, duk gidajen tare suke makara. Idan kuwa aka tara warwatsuwar kai tsaye, kamar komai zai lalace lokaci guda, sai a samu 118, wanda shi ma ya yi yawa.

An bi tsakiya da gwajin Monte Karlo, zagaye 10,000. A kowane zagaye kwamfuta tana zaɓar wa kowane gida adadi daga tazararsa, sannan ta ninka jimillar da lamba guda da ta shafi aikin baki ɗaya, tsakanin 0.9 da 1.4, mafi rinjaye 1.0. Rabin zagayen sun ƙare a kwana 490 ko ƙasa, kashi 85 cikin 100 sun ƙare a 560 ko ƙasa. Na farko shi ne na tsara aiki, na biyu shi ne na sa hannu. Kwana 70 da ke tsakani suna hannun mai tafiyar da aiki a dunƙule. Ba a rarraba su cikin gidaje ba, domin kwanan da aka ba gida, gidan sai ya cinye shi.

Tawaga: masu rubuta kod huɗu, mai gwaji ɗaya, mai tafiyar da aiki rabin lokaci. Bayan an cire hutu, rashin lafiya da kula da tsofaffin manhajoji, kowa yana ba da kwana 17 a wata, jimilla 93.5.

Talata, 1 ga Afrilu

Mai da kwana kuɗi. Kuɗin kwanan aiki ya ƙunshi albashi, haraji da fanshon da kamfani ke biya, kwamfutoci, haya, lasisin kayan aiki da riba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen rabawa. Shekara tana da ranakun aiki kimanin 260, amma waɗanda ake iya sayarwa 204 ne, wato 17 sau 12. Wanda ya raba kuɗin shekara da 260 sai ya ƙara kashi 27 cikin 100 kafin ya mai da abin da ya kashe. An jera abin da ba aikin hannu ba daban: hayar sabar ta shekarar farko, wayoyin gwaji uku masu tsohuwar Android da sabuwa, na'urar buga lakabi irin ta siton, da garantin gyara na wata uku bayan miƙawa.

A zaman yau masu siton sun nemi a ƙara mutum uku a gama cikin wata biyar. An nuna masu lissafin Fred Brooks, masanin tafiyar da aikin manhaja: mutum shida hanyoyin magana 15 ne a tsakaninsu, mutum tara kuwa 36, ga makonnin da tsofaffi za su ɓata suna koya wa sababbi. Abin da ake iya ragewa shi ne girman aikin. An ba da shawarar ɗage aiki babu intanet zuwa kashi na biyu, suka ƙi, kuma da gaskiyarsu, domin can ƙuryar siton waya ba ta kama komai. An cire rahotanni shida da sashen mayar da kaya, kwana 46. Tushen ƙiyasi ya zama 408, na tsara aiki 440, na sa hannu 500. An sa hannu kan wata shida daga 14 ga Afrilu. Duk abin da ba ya cikin jerin da aka liƙa wa kwangila, sai da takardar sauyi mai nata ƙiyasi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Zango biyu na mako bibbiyu sun wuce. Gida 19 sun kammala, an ƙiyasta masu kwana 61, sun ci 70. Ninki 1.15. Idan haka ya ɗore, aikin zai tsaya a 469. Ba a yi murna ba, domin gidajen farko su ne masu sauƙi: shiga da kalmar sirri, jerin kaya, shafukan ofis.

Gida ko dai ya wuce gwaji ko bai wuce ba. "Saura kaɗan" sifili ake rubuta masa.

Talata, 27 ga Mayu

Haɗin akanta ya ci kwana 21 a kan ƙiyasin 12, kuma sai jiya ya wuce gwaji. Dalili uku. Manhajar akantar ba ta da wurin gwaji, sai da aka buɗe kamfanin bogi a cikinta aka cika shi da bayanai da hannu. Ƙofar sadarwarta, inda wasu manhajoji ke tura mata bayanai, tana da iyakar saƙonnin da take karɓa a minti, abin da takardunta ba su fito da shi fili ba, don haka aka gina layin jira mai sake turawa idan an ƙi karɓa. Na uku ya fi cin rai: ita tana ƙididdige haraji a kan kowane layi ta share ɓurɓushin adadi, mu muna yi a kan jimilla, sai takarda mai layi arba'in ta bambanta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya isa akanta ya ƙi rufe littafi. Garin binciken wannan aka tarar wani sashe yana ajiye kuɗi a irin adadin da kwamfuta ba ta iya riƙe 0.1 daidai a cikinsa. An mai da duk kuɗi cikakken adadi na ƙaramin rukunin kuɗin.

Da an ware kwana biyu a watan Maris an tura takarda ɗaya ta gaske ta wannan ƙofa, biyu daga cikin ukun da sun bayyana kafin sa hannu. An yi wa fayilolin Excel wannan dubawa, ba a yi wa wannan ba, saboda takardun manhajar sun yi kyau a ido.

Takardar sauyi ta farko ta shigo: a ƙara ranar lalacewar kaya, "ginshiƙi ɗaya ne kawai". Ranar lalacewa ba ta kaya ba ce, ta rukunin da ya shigo tare ce, don haka kaya ɗaya zai zama yana da ragowa kala-kala. Ta taɓa tarin bayanai 3, shafuka 7, rahotanni 4, daidaita bayanai da kwaso tsofaffin bayanai. Kwana 19. Sun amince, za a biya daban.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ƙarshen zango na biyar. Daidaita bayanai ya kammala a kwana 26 maimakon 18. Tsarin farko wayar tana tura ragowar kaya ne, sai gwaji ya nuna in waya biyu suka fitar da kaya ɗaya babu intanet, wadda ta haɗu daga baya tana shafe aikin ta farko. An sauya: wayar motsi take turawa, an fitar da uku, an shigo da goma, kowane motsi da lambarsa da ba ta maimaituwa, don in an tura sau biyu sabar ta ƙirga sau ɗaya. Sabar ce ke lissafa ragowa, kuma ba a dogara da agogon waya wajen jera motsi, domin ɗaya daga wayoyin gwaji tana baya da minti tara.

Lissafin yau: an kashe kwana 210, gidajen da suka kammala ƙiyasinsu 175 ne. Ninki 1.2, ya ɗan yi tsauri saboda akwai kwanaki kaɗan a gidajen da ba su ƙarasa ba, an bar shi haka. Saura 233 na ƙiyasi, wato 280 a wannan tafiya, jimilla 490. Ajiyar ko-ta-kwana saura kwana 10 cikin 60. Da takardar sauyi, wadda ita ma aka ninka ta koma 23, aikin da ya rage 303 ne, mako 14, ya kai 26 ga Satumba. Ranar miƙawa 14 ga Oktoba.

An aika wa masu siton waɗannan adadi yau yadda suke. Babban abin da ba a taɓa ba shi ne kwaso tsofaffin bayanai, kuma rassa huɗu cikin 11 ne kaɗai suka gama sake ɗaukar bakod. An janyo gwajin kwasowa na farko daga Agusta zuwa zango na shida, da fayilolin rassa huɗun nan. Rahotanni biyu da ba a fara ba an yi masu alama, su za a fara tayin ɗagewa idan ninkin ya wuce 1.25 a lissafin 4 ga Yuli.